Rubutun Sarki Njoya na Fumban: Yadda Ya Samu Lamba a Cikin Waya

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a filinmu na daren Laraba. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, da ɗan gyara kaɗan.)

  

Abin da ya kawo maganar yau saƙo ne daga wani babanmu, ɗan kasuwa mai saro kayan gwari a Fumbot yana haurowa da su ta Banyo. Ya ce ɗan mai masaukinsa a Fumban ya turo masa gaisuwa ta WhatsApp, ya ce da rubutun kakanninsu ya rubuta. Da ya buɗe, bai ga harafi ko ɗaya ba, sai wasu ƙananan akwatuna a jere. Tambayarsa ita ce: wayarsa ce ta lalace, ko kuwa yaron wasa yake masa?

Baba, wayarka lafiyarta ƙalau, yaron kuma gaskiya ya faɗa maka. Mutanen Bamun suna da rubutunsu na kansu, ya haura shekara 120. Amma kafin in gaya maka dalilin akwatunan nan, sai na fara gaya maka wanda ya ƙirƙiro rubutun, domin labarin ya ratsa ta hanyar da kake bi duk mako.

Sarkin da ya ga littafi a hannun fatake

Fumban ita ce babban birnin masarautar Bamun, a yammacin Kamaru. Sarki Ibrahim Njoya ya gaji mahaifinsa yana yaro ƙarami. Yana tasowa wani babban bafade mai suna Gbetnkom ya yi masa tawaye, har sarauta ta nemi kuɓucewa. Njoya ya aika wa Lamiɗon Banyo neman gudunmawa, mahayan Fulani suka sauko suka murƙushe tawayen. Ta nan Musulunci ya samu ƙofar shiga fada. A wannan zamani kuma fataken Hausa suna zuwa Fumban, wasu da allo da tawada da littattafan Larabci a cikin kayansu. Sarki ya ga mutum na iya ajiye magana a takarda, ya tafi, ya dawo bayan shekara ya same ta yadda ya bar ta, babu ragi babu ƙari.

Yadda Bamun ke ba da labarin, wai sarki ya yi mafarki an ce masa ya ɗauki allo ya zana hannun mutum, ya wanke ya sha. Wanda duk ya taɓa shan rubutu a gidan malam ya san wannan hoton ba baƙo ba ne a wurinmu. Da ya farka sai ya tara mutanen fada, ya ce kowa ya zano masa abubuwa ya faɗi sunansu. A wajen shekarar 1896 aka haɗa kashin farko, alamomi kusan 500, yawancinsu hoton abu ne. Ana kiran wannan kashi Lewa.

To amma wa zai haddace alama 500 kafin ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa? Njoya ya gane nauyin ya yi yawa. Sai ya yi abin da mai jaki ke yi idan hanya ta yi hawa, ya dinga rage kaya. Shi da mutanensa suka yi ta tacewa, kashi bayan kashi, suna zubar da hotuna suna barin sauti. Zuwa 1910 sun dawo da shi alama 80. Kowace alama gaɓa ce guda, wato maimakon ka rubuta "k" sannan "a", alama ɗaya ce ke cewa "ka". Daga haruffa huɗu na farko aka samo sunansa: A-ka-u-ku, kamar yadda mu ma muke cewa abacada. Ga waɗanda ke riƙe da wannan takarda, ga su nan: ꚠ ꚡ ꚢ ꚣ. Ana rubuta shi daga hagu zuwa dama. Haruffa goma na ƙarshe kuma su ne alƙaluman ƙirge, ka ga ke nan da rubutu ɗaya za ka rubuta sunan wanda ka ba bashi da kuma yawan abin da kake binsa.

Kada a ɗauka abin ado ne na fada. An buɗe makarantu ana koyar da shi. An rubuta tarihi da al'adun Bamun da shi, an rubuta littafin magunguna, an rubuta hukunce-hukuncen shari'a, da rajistar aure da haihuwa. Sarki ya sa an zagaya ƙasarsa an zana taswira, da sunayen garuruwa da koguna a cikin wannan rubutu.

Yadda aka kusa binne shi

Jamusawa sun iso Fumban a 1902, Njoya ya yi zaman dabara da su. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Jamus ta rasa Kamaru, Fumban ta faɗa hannun Faransa. Su kuwa ba su son sarki mai makarantunsa da rubutunsa da kotunsa. Suka rage masa iko, makarantun suka mutu, Faransanci ya maye gurbi. A 1931 aka kai shi zaman dole a Yawunde, can ya rasu a 1933.

Ku lura da wani abu a nan, jama'a. Takardun ba su ƙare ba, dubbai suna nan a fada da gidajen mutane. Masu karanta su ne suka dinga ƙarewa. Tsoho ya mutu, jikansa ya buɗe akwati ya ga takardar gonar gidansu, amma bai san me ta ce ba. Gara da ɗanshi kuma ba sa jiran kowa. Saboda haka a shekarun baya-bayan nan fadar Fumban ta haɗa hannu da masana, cikinsu har da wani malamin tarihi daga Amurka, Konrad Tuchscherer, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka dinga tattara takardun ana ɗaukar hotonsu. Aka kuma ci gaba da koya wa matasa a fada.

Sai dai hoto hoto ne. Hoton saniya ba ya ba da nono. Idan ka ɗauki hoton takarda, kwamfuta ba ta san abin da ke ciki ba. Ba za ka ce mata ta nemo maka sunan kakanka a cikin shafi dubu ba, ba za ka kwafi layi ɗaya ka tura wa wani ba. Kafin hakan ya yiwu, sai rubutun ya samu shiga rajistar da na'urori ke aiki da ita.

Waya ba ta san harafi ba, lamba ta sani

Nan nake so ku ba ni kunnuwanku, domin nan ne amsar babanmu take. Wayar da ke aljihunka ba ta san "a" ba, ba ta san "ba" ba. Lamba kawai ta sani. Idan ka danna "k", abin da ke fita daga wayarka lamba ce, 107. Wayar abokinka ta karɓi 107, ta duba rajistarta, ta ga "k" ne, ta zana masa. Idan ka danna "ƙ" mai lanƙwasa, lambarsa daban ce, 409. Ta "ɓ" 595, ta "ɗ" 599.

Wannan rajista sunanta Unicode. Wata ƙungiya ce da aka kafa a Amurka a 1991 take kula da ita, manyan kamfanonin kwamfuta da waya suna ciki, kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da hukumar daidaita ma'auni ta duniya. Aikinsu shi ne kowane harafi na kowane rubutu ya samu lambarsa shi kaɗai, kada biyu su haɗu a kan lamba ɗaya.

Makiyaya kun fi kowa gane wannan. A kara, ranar kasuwa, shanu sun cakuɗe, amma kowa ya san nasa saboda shaidar da ke kunne. Da a ce gida biyu suna yanka shaida iri ɗaya, ai da rigima ba ta ƙare ba. Direbobi ma haka, motar da ba ta da lamba ba ta wuce duwan, ba ta wuce kwastan.

Kafin rubutun Bamun ya samu tasa lambar, dabara ake yi. Sai a zana harafin Bamun a ɗora shi a kan lambar wani harafin boko. A kwamfutarka kana ganin rubutun Njoya, amma da ka tura wa wanda ba shi da irin zanenka, sai ya ga tarkacen boko marar ma'ana. Kamar ka ɗaura wa motarka lambar motar wani ne, a garinku za ka yi yawo, amma ba ka tsallaka iyaka.

Yadda aka shigar da shi

Shiga wannan rajista ba a baki ake yi ba. Sai an kawo kowane harafi, da sunansa, da yadda ake zana shi, da wurinsa a jeri, da hujja daga takardun gaske cewa mutane sun yi rubutu da shi. Sannan kwamitoci su zauna su tantance. Dalilin tsananin shi ne, da zarar an ba harafi lamba, ba a canza ta, ba a soke ta har abada. Kuskuren da ya shiga ya zauna ke nan.

Waɗanda suka rubuta takardar neman shigar da Bamun sun haɗa da Michael Everson, da Charles Riley, da shi Tuchscherer ɗin, suna dogaro da takardun fada da ilimin masanan Fumban da suka gaji karatun. A watan Oktoba na 2009, a fitowa ta 5.2 ta Unicode, aka karɓi rubutun. An ware masa gurbi 96, kamar yadda sarkin kasuwa ke ware wa 'yan goro layinsu, aka zuba alama 88 a ciki. Harafin farko, wato "a", lambarsa 42,656.

Me ya sa 88 alhali na ce muku haruffa 80 ne? Sauran takwas ɗin, shida alamomin tsayawa ne, irin su aya da waƙafi da alamar tambaya, domin Bamun suna da nasu. Biyu kuma alamomi ne da ake ɗorawa a saman harafi. Ɗaya sunanta koqndon, tana sauya yadda ake furta gaɓar. Ɗayar tukwentis, tana kashe wasalin, kamar yadda ɗauri ke yi a ajami. Almajirai kun gane ni.

Amma aiki bai ƙare ba. Ku tuna na ce an yi ta tace rubutun kashi bayan kashi. Tsofaffin takardu da yawa da kashin baya aka rubuta su, da alamomin da aka zubar daga baya. In an tsaya a kan 88, waɗancan takardun sun zama marayu. Don haka bayan shekara ɗaya, a Oktoban 2010, a fitowa ta 6.0, aka ƙara wani layi na musamman mai alama 569, na kashi shida na baya, daga lamba 92,160 zuwa sama. In ka haɗa, alamomin Bamun 657 ne ke cikin rajistar duniya a yau. Har waɗanda Njoya da kansa ya ajiye gefe an ba su lamba, saboda a iya karanta abin da aka rubuta da su.

To ina akwatunan suka fito?

Baba, ga amsarka. Kafin harafi ya bayyana a fuskar waya, abu uku ake buƙata. Na farko lamba, wannan an samu. Na biyu zanen harafin, wato wayar ta kasance tana ɗauke da siffar da za ta nuna idan lambar ta iso. Na uku madannai, inda mai rubutu zai danna.

Yaron nan yana da madannai, ya danna, lambobin suka taso daga Fumban suka iso wayarka lafiya lau. Wayarka ta karɓa, ta duba ma'ajiyarta, ba ta ga zanen ba. Shi ne ta ajiye maka akwati a madadin kowane harafi, tana cewa: baƙo ya iso, amma ban san fuskarsa ba. Saƙon bai lalace ba. In ka tura shi zuwa wayar da ke da zanen, zai fito sarai. Kamfanin Google ya yi zanen haruffan, sunansa Noto Sans Bamum, kyauta ne, kuma wasu wayoyin suna zuwa da shi. Wasu kuwa, musamman tsofaffi da ƙananan nan masu tocila, ba su da shi.

Akwai kuma abu na huɗu da babu kamfanin da zai saka maka a waya, shi ne mai karantawa. Ko da haruffan sun fito, Baba, sai ka koma wurin yaron ya karanta maka. A Fumban ɗin kanta masu iya karanta shi ba su da yawa, yawanci da boko ake rubuta harshen yanzu. Lamba ta buɗe masa shinge, amma ba ita za ta kai shi makaranta ba.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da ba Bamun ba, me ya shafe mu? Ya shafe mu ƙwarai, kuma kullum. Duba saƙonnin da ke wayarka yanzu. Mutum nawa ne suka rubuta maka "ƙ" da lanƙwasarta? Ɗan kasuwa ya rubuta "kaya sun cika hanya". Kaya yake nufi ko ƙaya? Makiyayi ya rubuta "akwai kura a burtali". Kura ce mai cin maraƙi ko ƙura ce ta iska? Ɗaya a ɗaura ɗamara, ɗaya a rufe hanci. Mu kan gane daga yanayin magana, amma yaran da ke tasowa suna koyon rubutu daga waya, abin da suka gani shi za su ɗauka daidai. Haka 'yan'uwanmu Fulɓe, sau nawa ake cire lanƙwasar da ke cikin sunan nasu?

Abin takaicin shi ne, haruffanmu sun daɗe da samun lamba, tun kafin na Bamun. Zanensu ma yana cikin yawancin manyan wayoyi. Mu ne ba mu dannawa. Ni kaina sai da na shiga makarantar koyon aikin jarida wani malaminmu ya mayar mini da aikina, ya zagaye kowace "k" da ya kamata ta zama "ƙ" da jan biro, takarda ta koma kamar an yanka kaza a kai. Ran nan na shiga saitin wayata na ƙara Hausa a madannai. Bai ɗauke ni minti biyar ba. Mai Gboard, shiga wajen harsuna ka zaɓi Hausa. In ba ka iya ba, ba yaron gidanku ko mai cajin waya na bakin tasha.

Amma bari in faɗa muku gaskiya guda, kada ku ce na ɓoye. A saƙon tes na layi, wanda ake cire kuɗi, saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in boko zalla ne irin na Turanci. Da ka saka "ƙ" ko "ɗ" guda ɗaya, sai ya koma 70, doguwar magana ta rabu biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Dalili shi ne tsarin tes tsoho ne, an gina shi ne da haruffan Turai. A WhatsApp babu wannan matsala. To in tes ne kuma kuɗi ya yi ƙasa, babu mai ganin laifinka. In WhatsApp ne, ba ka da hujja.

Kuma ba Bamun kaɗai suka bi wannan hanya ba. Tifinag na Abzinawa ya shiga a 2005. Nko, wanda Sulemana Kante ya ƙirƙira a 1949 don harsunan Mande, ya shiga a 2006. Rubutun Vai na Laberiya a 2008. Adlam kuwa, na Fulfulde, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga Gini, Ibrahima da Abdullahi Barry, suka ƙirƙira suna yara a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga a 2016, kuma yau ana tura saƙo da shi a waya. Abin da ya ɗaga Adlam shi ne ya tarar da jama'a suna koyar da juna, a kasuwa da gida. Wannan shi ne abin da rubutun Njoya ya rasa tun ranar da aka rufe makarantunsa, shi ne kuma matasan Fumban ke ƙoƙarin dawo da shi.

Saboda haka, Baba, kada ka goge saƙon nan. In ka koma Fumban, zauna da yaron ka ce ya nuna maka a wayarsa, ya rubuta maka sunanka da A-ka-u-ku a bangon littafin bashinka. Ka ƙarfafa masa gwiwa, domin irinsa ne suka rage wa wannan rubutu. In ka samu sarari ka leƙa gidan tarihin fada, ka ga takardun da idonka.

Sauran masu sauraro kuma ga aikin gida. Wanda ke da tsohuwar takardar ajami a gida, ta gado ko ta cinikin shanu ko wasiƙar kaka, ya fito da ita daga inda ɗanshi yake, ya ɗauki hotonta, sannan ya nemi dattijon da zai karanta masa tun yana raye, ya rubuta abin da ta ce. Ku turo mana labarin abin da kuka samu, za mu karanta a fili na gaba in Allah Ya kai mu. Ku rubuto da lanƙwasa, zan duba.

Masu tafiya Allah Ya sauke ku lafiya, masu kiwo Allah Ya tsare dukiya. A kwana lafiya.